Kunnen Lebura, Bakin Mai Kuɗi: Tarken Rediyo da Talabijin a Birnin Kano

Gabatarwa

Idan aka ce wa ɗalibin adabi ya lissafo rassan adabin Hausa, zai ambaci zube da waƙa da wasan kwaikwayo, ya kasa su gida biyu, na baka da rubutacce, sannan ya ajiye alƙalami. Da wuya ya tuna da akwatin nan da ke rataye a kafaɗar mai gadi ko yake ajiye a kan teburin mai shayi, alhali babu littafin da aka taɓa bugawa da Hausa wanda ya shiga gidaje kamar yadda rediyo ya shiga. Ta cikinsa waƙa ta isa ga wanda bai taɓa halartar fada ba, ƙagaggen labari ya isa ga wadda ba ta iya karatun boko ba, kalmomi sababbi kuma suka sami gindin zama a bakin jama'a. Abin da ya yi irin wannan tasiri ya cancanci a tarke shi kamar yadda ake tarken littafi: a dubi wanda ke magana a ciki, da wanda ake magana a kansa, da wanda aka bari yana saurare kawai.

Kowane tarke yana bukatar ma'auni. Nawa shi ne leburan kamfani. Na tashi a Na'ibawa, unguwar da ke kan hanyar Zariya, inda da yawa daga maƙwabtanmu suke sammako zuwa masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, su dawo da duhu. A iya ganina babu mai sauraro da ya kai su naci, domin da rediyo suke tashi, da shi suke tsaron dare, da shi suke jiran mota. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne cewa a cikin shekara tamanin da rediyo ya yi a Kano, bakin da ke magana ya sauya hannu sau biyu, daga Bature zuwa gwamnati zuwa ɗan kasuwa, kowane sauyi kuma ya ƙara wa talaka 'yancin furta kalma, amma har yau rayuwar aikin wannan amintaccen mai sauraro ba ta zama labari ba.

Akwati mai waya ɗaya

Rediyo bai shigo Kano ta iska ba, ta waya ya shigo. A 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar rarraba shirye-shirye a Kano, bayan wadda aka buɗe a Legas a 1935 da ta Ibadan a 1939. Tasha ce ke kamo shirye-shiryen BBC daga Landan, ta haɗa da 'yan shirye-shiryen gida, ta tura su ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidajen masu biyan kuɗin haya duk wata. Masanin nan Brian Larkin, a littafinsa na 2008 kan kafofin yaɗa labarai a Arewacin Nijeriya, ya bayyana yadda aka kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a domin waɗanda ba su da halin haya su ma su ji. Lokacin kuwa na Yaƙin Duniya na Biyu ne, kuma tun kafin buɗe tashar Kano, Bello Dandago da Isa Kaita suna birnin Ankara suna karanta labarun yaƙi da Hausa. Sunan na farkon ne ginin Rediyon Kano yake ɗauke da shi a yau.

Abin lura ga mai tarke shi ne siffar akwatin kansa. Ba shi da abin murɗawa a canza tasha. Mai shi yana iya kunnawa ko ya kashe, iyakar zaɓinsa ke nan. Wannan siffa ta dace da wani abu da Bahaushe ya riga ya sani, wato shela. Mai shela yakan tsaya a bakin kasuwa ya isar da gaisuwar sarki da umarninsa, ya wuce, babu wanda ke ba shi amsa. Akwatin Bature gadon mai shela ya ci, shi ya sa salon maganarsa ya kasance na sanarwa da horo: ku yi allura, ku biya haraji, ku noma gyaɗa.

Sai dai Kanawa ba su karɓi shelar da baki a rufe ba. Tun da a taro ake saurare, da an gama labarai sai a buɗe sharhi a zaure da dandali, wanda ya ji ya kai wa wanda bai ji ba, har harshe ya haifar da kalmar "rediyo mai jini". Amsar da akwati ya hana, majalisa ta ba da ita. Wannan ɗabi'a ta sauraro tare da muhawara ita ce jarin da duk tashoshin da suka biyo baya suka ci ribarsa.

Da ƙaramin rediyo mai batir ya yaɗu, sai waya ta tsinke, duniya ta kwararo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris 1957, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa kuma a 2007, ban da Masko da Beijin da Alƙahira da suka daɗe suna magana da Hausa. Ta wannan hanya kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da yaƙin cacar baka da ƙasashe masu tasowa suka zauna daram a harshenmu. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba ya iya zayyana rikicin Gabas ta Tsakiya daki-daki. Wannan babbar makaranta ce, kuma babu mai musun alherinta. Amma tana da gurgunta guda: ɗalibinta ya fi sanin abin da aka tattauna a Janiba fiye da abin da dokar ƙwadago ta ƙasarsa ta ce game da awannin aikinsa. Nesa ta zo kusa, kusa kuma ta kasance a duhu.

Zamanin gidajen gwamnati

A watan Maris na 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, EMI da Granada, shekara uku bayan Awolowo ya buɗe talabijin na Ibadan a 1959. Manufar a fili take: Arewa ta sami bakin da za ta mayar da martani ga jaridun Legas. Ƙarfin wannan baki ya bayyana ranar 15 ga Janairu 1966, lokacin da Manjo Nzeogwu ya yi amfani da shi ya sanar da juyin mulki. Tun daga ranar 'yan Nijeriya suka koyi cewa jin taken soja da sassafe a rediyo alama ce ta an kwana da gwamnati ɗaya an tashi da wata.

Duk da haka, a wannan zamani ne sunan talaka ya fara fitowa daga cikin akwati. Shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya bai wa tela da direba da ɗan kasuwa damar aika kati su gaishe da 'yan uwa da abokai, har aka kafa ƙungiyoyin masu zaɓe a garuruwa, wasu suka yi suna a faɗin Arewa ba don komai ba sai don yawan jin sunansu. Ina ganin wannan shiri muhimmi ne a tarihin adabinmu, domin shi ne ƙofa ta farko da mai sauraro ya leƙo ta cikinta. Amma ƙofar ƙarama ce. Suna ta bari ya wuce, ba ta bar ra'ayi ba.

Ra'ayi sai ya bi ta bayan gida, ta hanyar waƙa da wasa. Rediyo ya fitar da Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo daga da'irar iyayen gidansu ya kai su kunnen kowa. Ɗan Maraya Jos kuwa, da kuntiginsa, ya ɗauki ƙananan masu sana'a ya mai da su taurarin waƙa, kamar yadda ya yi wa karen mota. A fagen wasa, Usman Baba Pategi ya ƙirƙiro Samanja, sojan nan mai tsawa da Hausar bariki gauraye da Turancin da bai nuna ba. Hikimar wasan ita ce a tsakiyar mulkin soja, a gidan gwamnatin soja, aka koya wa jama'a yi wa kaki dariya. Kasimu Yero ya yi irin wannan aiki a Karambana, ya kuma taka rawa wajen mayar da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam wasan talabijin. A nan ne za a ga cewa gidajen gwamnati, duk da labarunsu ba sa wuce "Gwamna ya ce, Gwamna ya buɗe", sun yi wa adabi hidimar da tashoshin yau ba su kama ƙafarta ba, domin suna ɗaukar marubuci da ɗan wasa a matsayin ma'aikata, ba sa jiran mai talla ya biya kafin a yi wasa.

A Kano, talabijin na tarayya ya kafu a tsakiyar shekarun 1970 a kan titin Bompai, ya shiga ƙarƙashin hukumar NTA da aka kafa a 1977. Da siyasa ta dawo a 1979, jihar ta faɗa hannun PRP, tarayya kuma tana hannun NPN, sai Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya ga ba zai jingina da bakin abokan hamayya ba, ya kafa CTV, wanda yanzu ake kira ARTV don tunawa da shi. Gasar da ta tashi tsakanin gidajen biyu ta amfani masu kallo. Wasanni irin su Kuliya Manta Sabo da Bakan Gizo sun tara yara da manya a gidan duk wanda ke da akwati a layi. A gefe guda kuma, finafinan Indiya da ake nunawa a kai a kai sun shiga jinin matasan lokacin, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna a rubuce-rubucensa. Daga waɗannan rafuka biyu, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da finafinan Indiya, aka sami Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, daga nan kuma masana'antar Kannywood ta tsiro.

To, ina leburanmu a cikin wannan duka? Shekarun 1970 zuwa farkon 1980 su ne ganiyar masana'antun Kano. Bompai ta cika, aka buɗe Sharaɗa da Chalawa, masaƙu da majemu da kamfanonin man gyaɗa da na alewa da na roba suna aiki dare da rana. Dubban gardawa da 'yan cirani suka bar allo da fartanya suka koyi zama da agogo da ƙararrawa da heluma. Paul Lubeck ya wallafa littafi sukutum a 1986 kan yadda waɗannan mutane suka haɗa tarbiyyar tsangaya da rayuwar kamfani. Wannan sauyi yana daga cikin mafi girman abin da ya sami Bakano a ƙarni na ashirin. Amma idan aka dubi wasannin da suka yi fice a lokacin, dandalinsu fada ne da kotun alƙali da bariki da tsakar gida. Gidan talabijin yana Bompai, hayaƙin kamfani yana tashi a maƙwabtansa, kyamara kuma ta fi son ta nufi cikin gari. Kamfani yakan fito ne a lokacin talla, a matsayin atamfa ko ashana ko alewa. Hannun da ya yi su ba a gani.

Muryar jama'a daga Sharaɗa

Doka ta 38 ta 1992, a zamanin Janar Babangida, ta kafa hukumar NBC ta kuma halatta wa 'yan kasuwa mallakar gidajen rediyo da talabijin. Kano ba ta ga cikakken tasirin dokar ba sai a ƙarshen 2003, da Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye da taken Muryar Jama'a. Wurin da ta kafa sansani abin tunani ne: a cikin rukunin masana'antu na Sharaɗa. A daidai lokacin, kamfanonin da ke kewaye da ita suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, wutar lantarki ta zama ta jeka-na-yi-ka, atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Sai ga shi a unguwar da injuna suke yin shiru, an buɗe wata sabuwar masana'anta wadda hajarta magana ce.

Zuwan wayar salula a 2001 ya haɗu da wannan sauyi, mai sauraro ya sami abin da bai taɓa samu ba tun 1944, wato damar mayar da magana. Dala FM da Rahma da Express da wasu da yawa suka biyo baya, har Kano ta shiga sahun biranen da suka fi yawan tashoshi a ƙasar nan. A kasuwar 'Yan Lemo da ta 'Yan Katako a Na'ibawa, da yamma mutum zai iya ratsa layi guda ba tare da jimla ɗaya ta kuɓuce masa ba, domin kowace rumfa tasha ɗaya take saurare.

Shirin da ya fi wakiltar wannan zamani shi ne Inda Ranka. Idan aka dube shi da idon adabi, za a ga yana da tsari tsayayye kamar tatsuniya. Akwai wanda aka zalunta, ya zo ya faɗi kukansa da muryarsa. Akwai wakili da ke neman jin ta bakin ɗaya ɓangaren. Akwai mai gabatarwa da ke ɗaure labarin da karin magana da barkwanci da habaici, ya miƙa shi ga hukuma. Ƙarfin wannan tsari ba ƙarami ba ne. Ma'aikacin da zai yi wa talaka wulaƙanci a ofis yakan tuna cewa akwai inda za a kai shi, kuma jin kunya a gaban dukan gari hukunci ne da Bakano yake tsoro fiye da tara. Hausar shirin kuma Hausar titi ce mai rai, wadda ta sauko da labarai daga kan mumbarin fassara.

Raunin tsarin yana cikin ƙarfinsa. Koke yana son fuska biyu, azzalumi guda da wanda aka zalunta guda, yana kuma son a gama shi cikin 'yan mintuna domin labari na gaba yana jira. Rikicin mai haya da mai gida yana shiga wannan ma'auni daidai. Matsalar lebura kuwa ba ta shiga, domin ba ta da fuska guda. Mutumin da ya shekara biyar a matsayin ma'aikacin wucin gadi, yana tsayuwar awa goma sha biyu a gaban injin roba, ba shi da takardar ɗaukar aiki balle fansho, wa zai kai ƙara? Heluma, ko ɗan kwangilar da ya kawo shi, ko mai kamfani, ko dokar da ba a aiwatarwa? Haka nan ruwan majemu da ke malala daga Sharaɗa da Chalawa zuwa kogin Chalawa, da na Bompai da ke bi ta rafin Getsi zuwa Jakara, inda manoman rani ke ban ruwan kayan miya. Akan ji labarinsa jefi-jefi, a yi jimami na dare guda, gari ya waye ruwan yana nan yana gudu. Irin wannan labari yana bukatar bibiya ta watanni, salon koke kuwa na yini guda ne.

Akwai kuma wani shinge da ya keɓanta da rediyo. Murya tana tona mai ita. Wani maƙwabcinmu da inji ya cinye wa yatsu biyu ya ƙi amincewa a kai maganarsa ko'ina, ba don bai san ƙofar gidan rediyo ba. Ya ce da ya buɗe baki, heluma zai gane shi kafin ya kai aya, kuma akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. 'Yancin kira a waya na wanda ba ya tsoron a gane muryarsa ne.

Sojojin baka

Wanda ba ya tsoron a gane muryarsa, har ma yake so a gane ta, shi ne sojan baka. Shirye-shirye irin su Kowane Gauta sun buɗe fili ga magoya bayan 'yan siyasa su yabi gwaninsu su soki na wani, kuma daga wannan fili aka sami wata sabuwar sana'a. Ga ɗalibin adabi, sojan baka ba baƙo ba ne. Jikan maroƙi ne. Kirari da zambo da habaici da zuga, duk kayan aikin da maroƙin fada yake riƙe da su, su ne a hannunsa, kuma wasunsu suna da fasahar harshe da za ta sa marubuci ya yi kishi. Haka kuma ba za a raba wannan al'ada da tarihin Kano ba, garin NEPU da Malam Aminu Kano, inda gaya wa mai mulki magana a fuskarsa ya zama abin alfahari.

Bambancin yana wuri biyu. Maroƙin gargajiya kowa ya san ubangidansa, yana tsaye a bayansa a bainar jama'a, don haka mai sauraro ya san yadda zai auna yabon. Sojan baka kuwa yakan zo da rigar talaka mai kishin jama'a, alhali sau da yawa an biya kuɗin mintunan da yake magana a ciki. Na biyu, ɗan NEPU ya yi magana ya sha ɗauri, sojan baka yakan yi magana ya karɓi lada, gobe kuma a ji shi a wani gida yana zagin wanda ya yaba jiya. Illar wannan ga harshe ita ce kalmomi su rasa nauyi. Idan kullum ana jin "zalunci" da "cin amana" daga bakin da aka saya, ranar da wanda aka zalunta da gaske ya furta su, sai a tambaya wa ya aiko shi.

Masu mulki sun sha ɗaukar wannan a matsayin hujjar toshe baki. A watan Maris na 2006, ana tsakiyar ce-ce-ku-ce kan tazarcen Obasanjo, NBC ta taƙaita lokutan watsa shirye-shiryen Freedom Radio ta kuma dakatar da wasu shirye-shiryenta na siyasa. A watan Fabrairu na 2013, bayan 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a Kano, an kama 'yan jarida na Wazobia FM saboda wani shiri da ya taɓo rigakafin kwanaki kaɗan kafin harin, aka kuma dakatar da lasisin tashar. A watan Mayu na 2025 gwamnatin jihar ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye. Lamarin 2013 ya isa ya tuna wa kowa cewa magana zarar bunu ce, kuma wanda ke riƙe da makirfo a gari irin Kano yana riƙe da abin da ya fi alƙalami kaifi. Amma ban yarda cewa maganin bakin da aka saya shi ne a mayar da mu zamanin akwati mai waya ɗaya ba. Gwamnatin da ke hana zagi a yau, da sojojin bakinta ta hau mulki jiya. Abin da ya dace shi ne a bayyana wa mai sauraro, a farkon shiri da ƙarshensa, wanda ya biya kuɗin filin, a mayar da maroƙi bayan ubangidansa inda kowa zai gan shi.

Talabijin na yau

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta dawo da dogon wasa mai ci gaba cikin gidaje da ingancin da ba a saba gani ba. Daɗin Kowa ya gina gari guda na ƙage ya zuba masa almajiri da ɗan ƙwaya da malamin tsibbu da matar da aka saka, ya nuna cewa masu kallo suna iya bin rayuwar talaka shekara da shekaru ba su gaji ba. Kwana Casa'in ya shiga cikin siyasa da aikin jarida da cin hanci a asibiti da ofis. Waɗannan wasanni sun rushe hujjar masu cewa Bahaushe soyayya da rawa kaɗai yake so. Amma ko a nan, talakan da ake nunawa yawanci mai talla ne ko ɗan adaidaita sahu ko marar aiki. Attajiri kuma yakan fito da "kamfani" wanda bai wuce ofis mai sanyi da kujera mai juyawa ba. Tsakanin ofishin da ƙofar shiga akwai wani babban ɗaki mai zafi da ƙara da warin narkakkiyar roba, inda ake soyayya da gaba da bashi da adashi da sallah a kan kwali, kyamara kuma ba ta cika shiga ba.

Mai kare tashoshin zai ce ba laifinsu ba ne. Gidan rediyo a Kano da man dizal yake numfashi, kuma masu biyan kuɗin man su ne ɗan siyasa da mai kamfani da mai maganin gargajiya. Ba a cizon hannun da ke ba da abinci, lebura kuwa ba ya sayen fili. Wannan gaskiya ne, amma bayani ne na yadda aka yi giɓin, ba ya wanke shi. Tashar da ta kira kanta muryar jama'a ta ɗauki alkawari, kuma da alkawarinta ake auna ta. Bugu da ƙari, abin da mai talla ke saya shi ne kunnuwan masu sauraro, kunnuwan nan kuwa na su lebura ne. Shi ne hajar da ake sayarwa, ko da bai sani ba.

Kammalawa

Na bi tarihin rediyo da talabijin a Kano ta matakai uku. A na farko an yi wa talaka shela. A na biyu an kira sunansa, an ba shi dariya da waƙa. A na uku an ba shi waya ya kira, amma filin da ya fi faɗi ya koma hannun mai iya biya. Kowane mataki ci gaba ne a kan na baya, kuma duk wanda ya ga yadda tsohuwa ke zuwa gidan rediyo da takardar filinta a hannu ya san wannan ci gaba ba na wasa ba ne.

Giɓin da ya rage, a ganina, aikin marubuta ne kafin ya zama na 'yan jarida. Abin da lebura ba zai iya faɗa da muryarsa ba saboda tsoron kora, ɗan wasa yana iya faɗa a madadinsa, kamar yadda Samanja ya faɗi abin da kurtu ba zai iya faɗa wa hafsa ba. Wasan kwaikwayo na rediyo ba ya bukatar kyamara ko izinin shiga kamfani. Yana bukatar marubucin da zai zauna da mutanen nan a wurin mai shayi ya ji yadda suke kiran injunansu, da yadda suke lissafin kwanakin wata, da abin da suke gaya wa matansu ranar da aka ce kada su zo gobe. Sassan Hausa da na aikin jarida a jami'o'inmu suna yaye ɗaruruwan ɗalibai kowace shekara, kuma da yawa daga cikinmu da kuɗin irin wannan aiki aka biya mana makaranta. Tashoshi suna nan sun fi a ƙirga da yatsu, masu sauraro kuma ba su taɓa gajiya ba tun 1944. Rubutun ne ba a kai musu ba.